Filastar da Na Yi wa Ɗakin Baba

Ni ne ɗan fari a gidanmu, kuma duk wanda ya ɗauka wannan wani gata ne, to bai tashi a irin gidanmu ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah. Idan yana nemana sai ya ce, "Ina wancan?" Idan ina gabansa kuwa, "kai" ta wadatar. Alkunya ce, na sani. Haka ya ga iyayensa sun yi, haka kuma gidaje da yawa a unguwarmu ta Gwallaga suke yi a lokacin. Na san dalilin, amma abin bai daina yi mini ciwo ba. Ƙanena, wanda kowa ke kira Auta, shi kam sai ya haye buzun Baba, ya sa hannu a kwanon masarsa, su yi ta gardama a kan wane limami ya fi jan dogayen surori. Ni kuma in tsuguna daga bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri.

Mu biyu ne maza. Ni na yi boko har na samu kujera a wata ma'aikatar gwamnati, na kama haya a saman bene a unguwar Ɗan Iya, ni da matata. Auta bai wuce sakandare ba. Ya koyi ɗinki, ya buɗe shago, ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu na ƙasa a can gangaren unguwarmu, kusa da babban lambatun da ruwan lunguna ke taruwa a ciki. A idon jama'a na fi shi komai. Ni kaɗai na san abin da ya fi ni, kuma da ana musaya da na ba shi benen da kujerar a haɗe.

Ɗakin Baba ginin ƙasa ne mai rufin kwano, yana jikin zaure, bayansa na kallon lungu. Kakanmu ne ya gina shi. Kowace bazara, kafin ruwan farko, akan yi masa yaɓe. Jakai su kawo jar ƙasa a zube a ƙofar gida, a jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta kwana biyu ko uku ta yi tsami. Ranar aiki Auta zai rufe shago, ya naɗe wando, ya bi bangon da tafin hannu yana laluben inda damina ta ci, ya kankare, ya cike, ya shafe. Baba yana zaune a inuwa a kan 'yar kujerarsa yana ba da umarnin da ba wanda ke bi.

"Ka bar can sama, Auta."

"Na gani, Baba, ai ba makaho ka haifa ba."

Sai su kwashe da dariya. Inna, mahaifiyarmu, ta aiko musu da masa mai zafi da yaji. Ni kuma in iso da yamma daga ofis cikin farar shadda, in tsaya nesa kada taɓo ya fallatsar mini, in ce sannunku da aiki. Wata shekara na tuɓe riga na ce zan kama. Baba ya dubi Auta, ba ni ba, ya ce, "Ce masa ya bari, kada ya ɓata hannun biro." Har yau ban san ko tausayi ne ko ba'a ba. Na koma gida na kasa cin abinci, matata tana ta tambayata ko zazzaɓi ne.

Wata damina, ana tsakiyar marka, ruwa ya yi kwana uku yana zuba. Da hantsin rana ta uku lambatun nan ya cika ya tumbatsa, ya shiga gidan Auta. Yana cikin ɗaki yana ƙoƙarin ɗaga keken ɗinkinsa zuwa kan gado, sai bangon baya ya zauna. Haka ya ce, zama ya yi, ba faɗuwa ba. Katakon rufi ya same shi a kafaɗa, ya fito da rarrafe ruwa na dukan haɓarsa. Matarsa da 'yarsa suna gidan maƙwabta, Allah ya tsare. Ya yi kusan wata biyu hannu a rataye.

Bayan wannan Auta ya zama wani mutum dabam. Ya sake gini da bulo, ya ɗaga dokin ƙofarsa har sai ka tattare riga kafin ka tsallaka. Idan hadari ya haɗo daga gabas, sai ya bar ɗinki a tsakiyar layi ya fita yana kallon sama, yana murza kafaɗar. Duk gidan da ya shiga, kafin a gama gaisawa za ka ga ya dunƙule hannu yana ƙwanƙwasa bango, ya kara kunne. Mutanen tudu, waɗanda ruwa bai taɓa wuce musu idon sawu ba, suka riƙa yi masa tsiya suna cewa ruwa ya taɓa masa kai. Mutanen gangare ba su yi dariya ba. Su ne suka fara zuwa shagonsa, ba don ɗinki ba, sai don ya je ya duba musu bango. Har limamin ƙaramin masallacinmu ya sa aka kira shi ya saurari bangon alƙibla.

Abin bai yi mini daɗi ba. Ni ne fa aka tura taron ƙara wa juna sani a kan sauyin yanayi, a ɗakin otal mai sanyi, aka ba mu jaka da takardu masu hotuna. Na san dalilin da ya sa ruwan da a da yake sauka a hankali yanzu yake zubowa a yini ɗaya. Na san maganar hayaƙi, na san ƙanƙarar da ke narkewa a wata uwa duniya. A benena kuwa ruwan sama abin kallo ne ta taga, in ya yi yawa in ce wa matata ta rufe gilashi ta dafa mana shayi. Wata Juma'a bayan an sauko na zauna na yi wa Baba bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa. Ya saurara har na dasa aya, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Sai ya juya.

"Auta, ya ka ga hadarin can? A kwashe shanya?"

Auta ya leƙa, ya taɓa kafaɗa, ya ce a kwashe. Aka kwashe, aka kuwa yi ruwan. Na ji haushin ruwan nan kamar da gangan ya zo don ya kunyata ni.

Bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na yi kishin bangon da ya faɗo masa. Akwai ranar da na kama kaina ina cewa ina ma ni katakon nan ya samu, in ga ko Baba zai tambaye ni labarin hadari. Babban mutum da takardun shaida a jaka, yana hassadar ƙaninsa a kan karyayyar kafaɗa. Na yi istigfari, amma tunanin bai tafi ba.

Daga nan ne dabarar filasta ta zo mini. Idan aka shafe ɗakin Baba da siminti ciki da waje, an gama da yaɓe ke nan. Abin da na gaya wa mutane shi ne ina so in hutar da tsoho da wahalar kowace shekara, kuma ruwan zamanin nan ya fi ƙarfin ƙasa. Ba wanda ya ga laifina, don a shekarun nan duk gidan da ɗa ya samu aikin albashi, filasta ce ke fara sanar da unguwa. Abin da na ɓoye shi ne, daga ranar ba sauran 'yar kujera a inuwa, ba sauran dariyar da nake tsayawa nesa ina ji. Kuma duk wanda ya bi ta lungun zai ga bango sumul ya ce babban ɗan ne ya yi.

Na ɗauko wani birkila, wato magini, da na sani, Kirista ne mutumin kudancin jiha, yana zaune kusa da barikin Shadawanka. Shi ya yi wa mai benenmu aiki, kuma hannunsa na da kyau. Ya zagaya ɗakin, ya kankari bangon da farce, sannan ya dube ni.

"Oga, in ka ce in yi, zan yi. Amma ƙasa ɗin nan yana numfashi ne. Yana shan ruwa da damina, yana bushewa da rani. In ka sa mishi siminti, ruwa zai samu hanyan shiga, ba zai samu hanyan fita ba."

Na ce masa aiki na kira shi, ba wa'azi ba.

Da labari ya kai wa Auta, ya same mu a zaure ni da Baba. Ya tsuguna ya ce, "Yaya, don Allah ka bar maganar nan. Yaɓe in ya lalace kana gani da idonka, ka gyara. Siminti rufa-rufa zai yi mana, bango yana ruɓewa a ciki mu muna yabon kyansa. In gyara kake so, a rushe a tayar da na bulo gaba ɗaya."

Dukanmu mun san Baba ba zai yarda a rushe ginin mahaifinsa ba, saboda haka ban ma tanka wannan ba. Na ce, "Don bango ya faɗo maka shi ke nan ka zama injiniya? Tsoronka ne, riƙe abinka, kada ka shafa wa mutane."

Auta ya sunkuyar da kai. Duk bakinsa, bai taɓa mayar mini da magana ba. Baba ya ajiye carbinsa ya ce, yana kallon bakin ƙofa, "A yi yadda wancan ya ce."

Wallahi na ji daɗin da ban ji ba ranar da na karɓi takardar ɗaukar aiki. Na hau keke napep zuwa Ɗan Iya ina murmushi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta matsa gefe.

Aka yi filasta, aka shafa fenti ruwan ƙwai. Damina ta zo ta wuce, bango yana ƙyalli. Bazara ta zagayo, ba jakai, ba jar ƙasa a ƙofar gida. Wata yamma na zo na tarar da Baba a inuwar nan shi kaɗai yana kallon bangon, ba abin da zai ba da umarni a kai. Na gani, na kuma kawar da kai. Abin da na fi so shi ne in haɗu da Auta in ce, "Malam injiniya, har yanzu dai bai faɗi ba?" Shi kuma ya ce, "Allah ya sa ni ne na yi kuskure, Yaya." Wannan amsar tana ƙona mini rai fiye da zagi.

A tsakanin nan lungun ma ya canza. Maƙwabtan da ke sama da mu suka shafe tsakar gidajensu da siminti, kowa ya juyo da indararonsa waje. Ruwan da ƙasa ke shanyewa a da, yanzu sai ya taru ya bi gindin bangon Baba kamar rafi. A damina ta biyu wata siririyar tsaga ta bayyana kusa da rufi. Na sa aka bi ta da fenti.

A damina ta uku, wata Asabar cikin marka, Auta ya hau benena jiƙe sharkaf. Ba ya zuwa sai da dalili. Ko zama bai yi ba ya ce, "Yaya, zo ka ji wani abu." Muka tafi Gwallaga, ya kai ni bayan ɗakin. Ya ƙwanƙwasa sama, ƙara ta fito a cike. Ya sauko daidai ƙugu ya ƙwanƙwasa, sai ta fito kamar ta tulun da ba ruwa. Ya durƙusa ya danna wata tsaga a gindin bangon da babban yatsa, jan ruwa ya tsatso.

"Ƙasar ta rabu da simintin," in ji shi. "A mayar da Baba ɗakin Inna, ko gidana, har ruwa ya ɗauke."

Na ji ƙarar nan. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji ba. Amma a kunnena ta tsaya, ba ta sauka cikina ba. Shi ina kallonsa yana murza kafaɗa, gumi na keto masa cikin sanyin nan, ni kuwa ko gezau. Ban taɓa ganin bango ya zauna ba, ban san nauyinsa ba, a wurina abu ne da ke faruwa da mutanen gangare. Abin da ya sauka cikina dabam ne. Na hango ana fito da katifar Baba da buzunsa a tsakar rana, lungu duka yana kallo, ana cewa Auta ya faɗa tun farko. Na ce, "Kowace filasta haka take ƙara."

Muka shiga wurin Baba. Auta ya durƙusa yana roƙo. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa na haɗe rai. Baba bai dubi ko ɗayanmu ba. Ya ce, "Nan na kwana jiya, nan zan kwana yau. Allah ne mai tsarewa." Na ɗauki wannan a matsayin nasarata ta biyu. Abin da Auta ya iya yi kawai shi ne ya janye gadon daga jikin bangon baya. Buzun da Baba ke karatu a kai bayan azahar kuwa yana nan inda yake, ƙarƙashin 'yar tagar bangon, don nan ne haske.

Ranar Laraba ruwa ya fara tun da safe. Muna ofis muna hira, wani yana cewa irin wannan yanayin ai na barci ne, ni ma ina taya shi. Bayan azahar waya ta shigo, matar Auta ce, tana kuka, kalma biyu na gane, Baba da ɗaki. Keken da na hau ya mutu a mararraba, ruwa ya shiga injinsa. Na cire takalmi na riƙe a hannu na shiga da gudu. Wannan ne karo na farko a rayuwata da ruwan sama ya kai mini gwiwa. Yana da sanyi, yana da ƙarfi, yana jan ƙafa kamar mai hannu, abubuwan da ba na gani suna dukan ƙaurina. A nan cikin lungu, kafin ma in ga gidan, na fara jin abin da ke sa Auta murza kafaɗa.

Bangon bayan ɗakin ya zauna. Simintin ya fashe manya-manyan ɓarori, fentin a jikinsu tsaf, ko dusashewa bai yi ba. Abin da ke bayansu kuwa ba bango ba ne, jan taɓo ne kamar kunu. Ashe Auta tun safe ya rufe shago ya zo ya zauna a zaure yana sauraro. Shi ya ji ƙarar farko, shi ya tono Baba da hannu har faratansa suka ɓare. Baba yana da rai, amma ƙashin cinyarsa ya karye daga can sama kusa da ƙugu.

A barandar asibiti na zauna a ƙasa, wando duk taɓo. Inna tana kan benci ita da matata. Ita ma ba ta yi mini magana kai tsaye tun da ta haife ni, saboda haka matata take gaya wa, da muryar da ta tabbata ina ji.

"Ai babansu ya sani. Shi ma in ba kowa yakan ƙwanƙwasa. Na ce ya dawo ɗakina, ya ce in ya fita daga ɗakin nan ya gaya wa unguwa aikin wancan bai yi ba. Ya ce abu ɗaya wancan ya taɓa nema a wurinsa."

Na tashi na zagaya bayan ginin na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina ƙarami. Shekara da shekaru ina so Baba ya zaɓe ni a kan Auta. Ya zaɓe ni, da idonsa a buɗe, ya zauna a ƙarƙashin bangon yana karatu.

Ƙashin bai haɗu yadda ya kamata ba. Baba bai sake takawa zuwa masallaci da ƙafarsa ba. Da aka sallame shi, maganar gidana ba ta ma taso ba, wa zai hau da shi bene? Gidan Auta aka kai shi, a gangare, aka tallafe shi aka tsallaka da shi dogon dokin ƙofar nan da nake yi wa dariya.

Kada wani ya ɗauka na warke daga kishin. Ina zuwa da lemo da kankana in zauna daga bakin ƙofa, ina kallon Auta yana ɗaga shi, yana yi masa alwala, yana goge masa tsakanin yatsun ƙafa, Baba yana yi masa faɗan ruwan ya yi zafi, shi yana cewa ai tsufa ne. Sai in ji wannan tsohon kishin ya taso mini. Na raba su da yini ɗaya a shekara, na haɗa su kullum. Ba wanda ya taɓa ce mini kai ka jawo. Auta bai ambaci filasta ba ko sau ɗaya, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ni ma na canza. Idan hadari ya haɗo ina ofis, biro ba ya zama a hannuna. Nakan tashi in tsaya a taga, abokan aiki suna tsokanata, wai ko na bar shanya a waje. Nakan bar su. Ba su taɓa shiga ruwa zuwa gwiwa ba, kuma na san ko na yi musu zane a ƙasa, abin da za su ce shi ne Allah ya kyauta.

Damina ta ƙarshe da Baba ya gani, wata yamma ina gidan Auta, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa labule. Auta yana tsakar gida yana kwashe kaya. Ban san lokacin da na tashi ba, sai ji na yi na dunƙule hannu ina ƙwanƙwasa bangon da ke kusa da kan Baba, na kara kunne. Da na ɗago, yana kallona. Cikin ido yake kallona, abin da ban saba gani ba.

"Kai," ya ce. "Ya ka ji shi?"

Tambayar da na yi shekaru ina jira ke nan. Bangon bulo ne, lafiyarsa ƙalau, na ji da kunnena. Amma idona ya sauka kan ƙafar nan da ta ƙanƙance a ƙarƙashin mayafi, na tuna bangon da na taɓa tsaya wa. Na ce, "Bari in kira Auta, Baba." Na fita na kira shi.